Ki Tambayi Maganar Yara Kafin Ki Sa Hannu

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru, da takwarana Halifa, da amaryata Ummi, wadda na ji an ce ta fara tafiya ba ta nemi izinina ba. Allah Ya tsare ku a fita da shiga, Ya raba ku da sharrin mai daɗin baki. Mu nan unguwar Ka'akiyya a Makka lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in na hau bene. Innarki tana gaishe ku.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san halina, in muka gaisa na ce ya aiki, sai in miƙa wa innarki wayar kamar tana ƙona ni. Maganar da nake da ita ta fi ƙarfin wannan, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba wani maƙwabcinmu da zai sauka Kano ya kawo miki.

Na saurari saƙon muryar da kika turo mana, na maimaita har innarki ta ce zan kashe mata batir. Abin da na fahimta shi ne, masu bashin karatun likitancin da kika yi a Sudan sun fara waiwayarki, ke kuma kina son ki ƙara wasu shekaru ki ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa da damuwa, kuma albashin mai koyo ba zai ɗauki bashi da gida ba. Kin ce hanya uku ce a gabanki. Akwai wani asibitin kuɗi a Jidda da zai biya bashin gaba ɗaya, ya horar da ke, ki yi masa aiki shekara biyar. Akwai gwamnatin jiha a gida, ita ma za ta biya, ki yi mata aiki duk inda ta tura ki. Sai ta uku, ki riƙe bashinki ki riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Kin faɗi albashin Jidda, kin faɗi gida, har motar da za ta riƙa ɗaukar ku kin faɗa. Da kika zo kan yara sai muryarki ta yi ƙasa, kika ce, "Su kuma za a san yadda za a yi," kika wuce da sauri. A nan na tsayar da saƙon, don na san wannan maganar. Ni ma da ita na bar gida.

Lokacin kina rarrafe. Wani aminin mahaifina, Alhaji Ɗanjuma, shi ke haɗa mutane da masu neman ma'aikata a nan. Ya zo zauren gidanmu ya ce akwai Balaraben da ke neman mai aikin tayil, zai biya kuɗin jirgi da na takardu, har ya ba ni abin da zan rufa ɗaki in bar wa iyali, a riƙa cirewa a albashi. Mahaifina yana zaune a gefe da carbi. Alhaji Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "To Musa, akwai abin da kake son tambaya?"

Akwai. Tana bakina, har na ji nauyinta a harshe. Ina son in ce, yaushe matata da 'yata za su biyo ni? Amma a gaban mahaifina? In buɗe baki in yi zancen mata, in yi zancen 'yar fari, wadda ko ɗaukarta ba na yi a gaban mutane? Da an ce yaron nan ba shi da ta ido. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Baba. Allah Ya saka da alheri."

Ya ce, "Madalla. Sauran abubuwa in ka zauna da gindinka sai a duba."

Har a hanyar filin jirgi ina jin daɗin an yabi tarbiyyata. Sai da na iso na karɓi iƙama, katin zaman da ba ka da motsi sai da shi, na tarar sana'ar da aka rubuta mini a kai lebura ce, kuma mai wannan sana'ar ba a ba shi damar kawo iyali. Ba wanda ya yi mini ƙarya, Likita. Ban tambaya ba, su kuma ba su ga dalilin faɗa ba. Na je wajen kafilina, mutumin da zamana ke hannunsa, wani da ake kira Abu Faisal. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba'adain, ya Musa. Ma fi mushkila, ba'adain." Wato ba matsala, sai daga baya. Na koma bayan azumi, ba'adain. Na koma bayan aikin Hajji, ba'adain. Mutumin kirki ne a fuska, yana ba ni shayi duk zuwa, amma kalmar nan ita ce ta cinye ƙuruciyarki.

Ba za ki tuna zuwana hutu na farko ba, ni kuwa ina tuna shi kamar jiya. Kin isa shiga makaranta. Innarki ta yi miki kitso da lalle, ta turo ki ɗakin da nake. Kika durƙusa a bakin ƙofa kika ce, "Alhaji, sannu da zuwa." Na miƙa miki dabino kika karɓa da hannu biyu. Da kika fita, ina ji kina tambayar innarki a tsakar gida, "Inna, yaushe baƙon zai tafi?" Matan gida suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don abin da ake jira in yi ke nan. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma har yau ina ji. Kafin in samu sauya kafili a gyara mini sana'a in ɗauko innarki, kin riga kin shiga sakandare, aka ce a bar ki wajen kawunki kada karatu ya lalace. Ki lissafa da kanki kwanan da muka yi ni da ke a gida ɗaya.

To ga shawarata ta farko, kuma ita ce babba. Kada ki sa hannu a takardar mutanen Jidda sai kin ga maganar iyali a cikinta, a rubuce. Ki tambaye su, ranar da zan hau jirgi su waye za su hau tare da ni? In sun ce sai kin yi wata shida, ki ce a rubuta wata shidan, a rubuta kuma abin da zai faru in ya wuce ba su zo ba. Ki tambayi wace sana'a za a sa miki a iƙama, domin ke mai koyo ce tukuna, kada a ba ki sunan da zai ɗaure ki. Yanzu kuma an fara karɓar kuɗin kai a kan kowane mutum da baƙo ya ajiye a ƙarƙashinsa, kuma abin gaba yake yi. A layinmu kaɗai na ga waɗanda suka tattara mata da yara suka mayar gida saboda shi. Wa zai biya wannan, ke ko su? Makarantar Halifa fa? Gidan da suka ce, na iyali ne ko ɗaki ne a masaukin ma'aikata mata, inda ko mijinki ba zai taka ba? Wannan wakilin nasu da kika ce yana da kirki, yana kiranki 'yar'uwa, ladansa yana kan sa hannunki ne. Ba na zaginsa, sana'arsa ce. Amma ki lura da fuskarsa lokacin da kika ambaci yara.

Na san abin da ya hana ki tambaya. Rabi kina tsoron kada su ce mai yara ba za ta iya aiki ba, su ɗauki wata. Rabi kuma gadona ne. Na lura ko a waya ba kya kiran sunan Halifa, sai ki ce "yaron nan". Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau a tsakar gida, a gaban surukai. Ba ta da wurin zama a ofishin wanda zai riƙe shekarunki biyar.

Sai maganar Malam Nasiru. Ban ji kin faɗi abin da ya ce ba, kuma shirunsa bai kwantar mini da hankali ba. Mutum ne mai aji da ɗalibai, ana gaishe shi a hanya. A iya sanina, wanda ya zo a ƙarƙashin iƙamar wani ba ya aiki sai an sake masa takardu, kuma wannan ba wasa ba ne. Ki yi tunanin mijinki zaune a ɗaki daga asuba zuwa magariba, yana jiran ki dawo ki ba shi kuɗin aski. Zai ce miki ba komai, irinsu haka suke cewa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi da gaske, kada ki karɓi "duk yadda kika gani".

Kuskurena na biyu, ban tambayi ƙofar fita ba. Kuɗin da aka ba ni a zaure, na ɗauka kyauta ce da aka lulluɓe da sunan rance. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo aka aiko mini, na je na ce wa Abu Faisal zan tafi. Fasfona yana cikin durowarsa, izinin fita ma sai ya yarda. Ya ce, "Wallah ina tausayinka, ya Musa, amma akwai saura a kanka. Wa zai tsaya maka in ba ka dawo ba?" Na yi yawo a unguwarmu ta Jarwal ƙofa ƙofa ina neman wanda zai tsaya mini. Kafin in samu, an yi mata sutura. A ɗakinmu na gwauraye na zauna aka zo yi mini gaisuwa.

Saboda haka ki tambayi kowanne a cikinsu, na Jidda da na gida, in na gaza a tsakiya fa? In kin yi shekara uku kika ce kin gaji, ko yaro ya yi ciwo, ko aka rufe sashen naku, ragowar biyun za ki biya, ko za a dawo miki da bashin duka kamar ba ki yi komai ba, ko har da tara a kai? Wannan ita ce tambayar da suka fi ƙi, don a nan ribarsu take. In Allah Ya ba ku wani rabo, hutun haihuwa yana cikin lissafin shekarun ko ƙara miki za a yi? Shekarun koyo suna ciki, ko sai kin gama za a fara ƙirga? Kuma fasfonki ya kwana a jakarki. An ce yanzu an hana riƙe na ma'aikaci, amma ni na san durowa da yawa da ba su ji labari ba. Ki nemi wanda ya san doka, wanda ba su suka kawo shi ba, ya karanta miki takardar da Larabcinta, don in rigima ta tashi ita za a duba. Sannan ki nemi wata likita da ta taɓa yi musu aiki ta bari. Waɗanda za su haɗa ki da su, masu yabo ne.

Kada ki ɗauka don na caccaki Jidda na yarda da gwamnati. Su ma ina kallonsu da gefen ido. Wata shekara na karɓi aikin kwanakin Hajji a Arfa, gyaran banɗakuna da shimfiɗa a tantuna, a hannun wani ɗan kwangila da ya ce za a biya bayan an sauka. Muka yi aiki cikin ranar da kika san irinta. Da muka je karɓa, sai muka tarar kwangilar ta koma hannun wani. Sabon ya kalle mu ya ce, "Min intu, ku su waye? Ni ban ɗauke ku ba." Gaskiyarsa ce kuwa, bai ɗauke mu ba. Wanda ya yi alkawarin ya tafi, wanda ke kan kujerar bai san da mu ba.

Gwamnati haka take, mai alkawari daban, mai biya daban. Wanda zai sa miki hannu yau, zaɓe ɗaya zai iya kwashe shi. Ki tambaya, bashin nan lokaci guda za su biya ko shekara shekara? Hannun masu bashin za su kai, su ba ki shaidar an sauke, ko za a ce ki jira a saki kuɗi, ruwa yana hawa a kanki da sunanki? In suka yi jinkiri, ke kin kuɓuta daga naki alkawarin, ko igiyar wuyanki kaɗai take? Sai wannan "duk inda aka tura ki". Ki ce su faɗi sunan garin. Akwai makaranta? Za a mayar da Malam Nasiru can, ko shi ma ba'adain? Akwai babban likitan fannin da zai koya miki, ko za a ajiye ki ke kaɗai, ki zama ke ce mai karɓar haihuwa, ke ce mai ɗinkin wanda ya faɗo daga babur, fannin da kika ci bashi dominsa ya bi iska? Duk da haka ina ganin wa wannan hanyar abu guda. Komai nisan garin, mota tana zuwa, ba mai riƙe miki fasfo, kuma masu ciwon da yarenki za su yi miki kuka.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Kin tuna da kika ce wannan fannin kike so, na ce duk likitancin duniya ki rasa na zaɓa sai na mahaukata? Na janye. A ɗakinmu na Jarwal, kafin a rushe wajen, akwai wani Malam Sale, mutumin Tawa, birkila. Ya fi ni daɗewa bai ga iyalinsa ba. Mutum mai barkwanci, sannu a hankali ya daina magana, ya daina wanka, sai ya zauna yana jera takalman mutane yana kiransu da sunayen 'ya'yansa. Muka yi masa rubutu, muka yi tofi. Da muka kai shi asibiti, likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ta bakin tafinta ake magana, tafintan kuma ni ne. Ya mutum zai faɗi abin da ke cinsa a gaban wanda suke cin tuwo kwano ɗaya? Daga ƙarshe karo-karo muka yi aka mayar da shi gida. Aikinki yana da amfani, na gani da idona. Amma aiki ne na ɗaukar kayan zuciyar mutane tun safe. Mai irin wannan aiki tana bukatar ta dawo gida ta tarar da hayaniyar yara da mai tambayarta ya aka wuni. In kika dawo ɗaki shiru kina kallon su Halifa ta waya, ban san wa zai duba ki ba.

Hanya ta uku, ta riƙe bashi, ita ce ta fi ɗaci a baki, kuma ba na son ruwan da ke kansa, Allah Ya yafe mana. Za ku takura, mota za ta jira, ginin filinku zai jira. Amma ki je wajen masu bashin ki ji ko za su sassauta biya har ki gama koyo, kafin ki yanke cewa ba za ta yiwu ba. Ni mai gadin bene ne yanzu, abin da nake samu ba yawa, amma akwai ɗan abin da muke tarawa na komawa gida, kuma innarki ta ce awarwaronta ba gado take ajiye wa ba. Kada girman kai ya hana ki karɓa. Ba na ce wannan hanyar ce dole ba, so nake ki auna ta tare da sauran, kada ki tsallake ta don kawai ba ta da wakili mai turare.

Saura mutum ɗaya da ban yarda da shi ba a maganar nan, shi ne ni. Ranar da muka ji Jidda, innarki ta tashi ta fara lissafin inda za ta shimfiɗa wa yara katifa. Ni kuwa na tsinci kaina a bakin titi ina tambayar direbobi nawa suke kai mutum Jidda yanzu. Tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba. In yi Juma'a in zo in ci abincin hannunki, abin da ban taɓa samu a jere ba. Ina so, Likita, ina so ƙwarai. Har na fara rubuta miki wata takardar kafin wannan, ina yabon asibitin da ban taɓa gani ba. Innarki ta ji na karanta mata, ta ce, "Malam, wannan don ita ka rubuta ko don kanka?" Na yi fushi na fita. Da na dawo na yaga.

Don haka in kin ji zuciyarki tana cewa ai su Baba suna kusa, ki cire mu daga ma'auni. In sun rubuta yara da mijinki, kuma mijinki ya yarda da bakinsa, ki zo, ni zan tare ku a filin jirgi ko da rarrafe. In kuwa suka ce daga baya, ki gode musu ki tashi, ko da sun ninka albashin. Na yarda in ƙarasa kwanakina ina ganinki ta waya. Ban yarda wata rana ki sauka Kano da jaka cike da tsaraba, Ummi ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce miki, "Hajiya, sannu da zuwa" ba.

Ki yi istihara, ki yi shawara da mijinki. Gobe in Allah Ya kai mu zan shiga Harami in yi ɗawafi da niyyarku. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya sauke miki bashin nan ba tare da ya ci gidanki ba, Ya tsare hanyarki duk inda ta nufa, Ya sa waraka a hannunki. Ki gaida Malam Nasiru. Ki ce wa takwarana ya riƙe mini suna da kyau.

Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa kiransa ba. Da "yarinyar nan" na fara, na koma "'yar makaranta", yanzu "Likita". Ba zan ce ki je ofishin mutane ki faɗi abin da ni na kasa faɗa a zaure ba, alhali har yau ina ɓuya. To ga shi na fara. Allah Ya yi miki albarka, Sa'adatu. Sa'adatu, 'yata. Ke ma in kin zauna a gabansu, ki kira naki da sunayensu, ki tsaya har sai kin ga an rubuta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Musa
Ka'akiyya, Makka